Ɗan Hakin Da Ka Raina: Zaɓen Mazaunin Inji Ga Tsohuwar Mota Mai Ƙwanji

Daga Wakilinmu na Arewa

A FARKON watan Disamba na shekarar 1971 kamfanin General Motors na ƙasar Amurka ya ba da wata sanarwa wadda ta girgiza masu motoci. Ya nemi a komo da motocin Chevrolet wajen miliyan 6.7 gareji don a yi musu gyara kyauta, abin da ba a taɓa yin mai yawansa ba kafin lokacin. Dalilin wannan gagarumin kira kuwa wani ɗan guntun roba ne wanda bai fi tafin hannu ba, an manna shi tsakanin ƙarafa biyu, inji yana zaune a kansa. Shi ne abin da makanikanmu ke kira injin-sit, watau mazaunin inji.

Yau fiye da shekara 50 ke nan, amma maganar ba ta mutu ba, domin da yawa daga cikin motocin wancan zamani suna nan a Amurka, ana tono su daga rumbuna da bayan gida, ana sabunta su da kuɗi masu yawa. Duk mai wannan aiki kuwa, bayan ya gama da inji da fenti da kujeru, sai ya zo ya tsaya a kan tambaya guda: wane irin mazauni zai ɗora injin nan a kai? Mun ga ya kamata mu kawo wa masu karatu bayanin yadda ake wannan zaɓe, musamman da yake akwai direbobi da makanikai da yawa cikin 'yan'uwanmu mazauna Kudu.

Motoci Masu Ƙwanji

Amurkawa suna kiran irin motocin nan da wani suna wanda ma'anarsa ita ce motoci masu ƙwanji. Dabarar ƙirarsu mai sauƙi ce: a ɗauki mota madaidaiciya mai ƙofa biyu, a cusa mata ƙaton inji mai silinda takwas irin na manyan motoci, sa'an nan a sayar wa samari a farashin da za su iya. Yawanci akan ce Pontiac GTO ta 1964 ita ce ta buɗe fage, kuma wani injiniya mai suna John DeLorean yana cikin waɗanda suka tsaya a kanta. Injinta lita 6.4 ne, mai ƙarfin doki 325. Da aka ga kasuwa ta karɓe ta, sai kowane kamfani ya fito da tasa. Aka sami Chevelle SS da Camaro daga Chevrolet, da Charger daga Dodge, da Road Runner da Barracuda daga Plymouth, ga kuma Mustang masu manyan injuna daga Ford.

A shekarar 1970 abin ya kai maƙura, inda aka yi Chevelle mai inji lita 7.4 da ƙarfin doki 450. Don mai karatu ya gane girman abin, sai ya tuna cewa Peugeot 504, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, injinta silinda huɗu ne, kuma bai wuce lita 2 ba. Daga nan sai zamanin ya fara dusashewa, saboda dokar tsabtace iska ta 1970, da tsadar inshora, da kuma ƙarancin mai na 1973. Kamfanin Plymouth ya rufe a 2001, Pontiac kuma a 2010. Amma motocin sai daraja suke ƙarawa, har a 2014 aka yi gwanjon wata Barracuda ta 1971 mai buɗaɗɗen rufi a kan dala miliyan 3.5 a birnin Seattle.

Aikin Mazaunin Inji

A irin motocin nan inji yana kwance ne a tsaye daga gaba zuwa baya, giyabos na manne a bayansa, su biyun sun zama abu guda. Wuri uku suke zaune a kan shasi, kamar tukunya a kan murhu: mazauni ɗaya a hagun inji, ɗaya a dama, na uku a ƙarƙashin wutsiyar giyabos.

Aiki uku mazaunin ke yi. Na farko ɗaukar nauyi, domin babban injin Chevrolet na baƙin ƙarfe yana kai kilo 300. Na biyu shanye girgiza. Duk wanda ya taɓa ajiye ƙaramin janareto a kan siminti ba tare da robar ƙafafunsa ba, ya ga yadda yake tafiya da kansa yana damun maƙwabta, to ya san amfanin robar. Na uku, wanda ya fi sauran hatsari, shi ne riƙe inji kada ya juya.

Ga yadda abin yake. Duk sa'ad da inji ya murɗa farfela zuwa gefe guda don ya juya tayoyi, shi ma gangar jikinsa tana neman murɗawa zuwa ɗaya gefen. A injunan Amurka masu silinda takwas, in direba ya taka totur yana giyar gaba, gefen hagu na inji yakan nemi tashi sama, gefen dama kuma ya danna ƙasa. Hagu kuwa shi ne gefen direba a can, kamar yadda yake a nan tun da muka koma bin hannun dama a 1972. Saboda haka mazaunin dama matsa shi ake yi, roba kuwa ba ta ƙin matsi. Na hagu kuwa ja ake yi, ana neman ɓamɓare robar daga ƙarfen da aka manna ta.

Wannan ja ba na wasa ba ne. Ƙarfin murɗawar injin Chevelle da muka ambata daidai yake da a sami sifana mai tsawon ƙafa guda, a rataya nauyin fam 500 a ƙarshenta, watau buhun siminti huɗu da rabi. In mota tana giya ta ɗaya kuwa, giyabos yakan ninka wannan ƙarfi fiye da biyu, kuma duk a kan mazaunan yake ƙarewa.

Abin Da Ya Faru A 1971

Tsohon mazaunin Chevrolet roba ce kawai tsakanin faranti biyu na ƙarfe, babu abin da ya haɗa su sai mannin. In robar ta tsufa, ko baƙin mai ya jiƙa ta, ko zafi ya gasa ta, sai na hagu ya rabu biyu. Mai mota ba zai sani ba, domin nauyin inji yana danne da shi, in an buɗa bonet sai a ga kome daidai.

Ranar da direba ya taka totur da ɗan ƙarfi, misali zai fita daga mahaɗar hanya, sai inji ya ɗaga. A motocin nan sandar ƙarfe ce ta haɗa totur da kafireto, don haka ɗagawar inji sai ta ja sandar, mai ya ƙara buɗewa. Ƙarin mai ya ƙara wa inji ƙarfi, ƙarfin ya ƙara ɗaga shi, sandar ta ƙara jawuwa. Direba ya ɗauke ƙafa amma mota sai gaba take yi. Har wa yau ɗagawar tana iya fizge tiyon iska wanda ke taimaka wa birki, sai birki ya yi tauri kamar dutse a daidai lokacin da aka fi bukatarsa.

Ƙorafi ya yi yawa, hukumar kiyaye haɗurran hanya ta gwamnatin Amurka ta gargaɗi jama'a a watan Oktoba na 1971, masu kare haƙƙin masu saye irin su Ralph Nader kuma suka matsa lamba. Kiran da ya biyo baya ya haɗa da manyan Chevrolet da Nova na 1965 zuwa 1969, da Camaro na 1967 zuwa 1969, da wasu ƙananan motocin ɗaukar kaya, dukansu masu silinda takwas. Kamfanin bai canja mazaunan ba. Wata igiyar ƙarfe ya ɗaura wa inji don ta hana shi tashi ko da roba ta rabu, gyaran da ya fi canjin araha nesa ba kusa ba. Har yanzu masu sabunta motocin sukan tarar da igiyar nan a jikin wasu.

Maganin gaskiya shi ne mazauni mai sarƙe, wanda aka fara sa wa sababbin motoci a ƙarshen shekarun 1960. A wannan, farantan biyu suna da harsunan ƙarfe da suka shiga juna ba tare da sun taɓa ba. In roba ta yanke, sai ƙarfe ya kama ƙarfe, inji ya ɗan motsa kaɗan ya tsaya. Wannan shi ne sharaɗi na farko ga mai sabunta mota: kowane iri zai saya, ya tabbata mai sarƙe ne. Wanda ya nace sai irin na asali marar sarƙe don motarsa ta yi kama da ranar da ta fito daga masana'anta, to ya sani ya sayo har da aibin da aka yi kiran 1971 dominsa.

Iri Uku A Kasuwa

Na farko shi ne na roba, irin wanda motar ta zo da shi. Ya fi kowanne shanye girgiza, ya fi araha, kuma shi ya dace da motar da aka mayar da injinta yadda yake, ana hawanta yawon ƙarshen mako. Aibinsa shi ne baƙin mai yana kumbura shi ya yi laushi, zafin bututun hayaƙi kuma yana busar da shi ya tsattsage. Akwai masu neman tsohon kaya na asali wanda ba a taɓa ɗaurawa ba, suna biyan kuɗi mai yawa a kansa. Ga abin ƙarfe wannan daidai ne, amma roba tana tsufa ko tana cikin kwali, don haka wadda ta shekara 50 a kan kanta ba abin dogara ba ce.

Na biyu shi ne na foliyuretan, wata roba ce ta haɗi mai tauri, sau da yawa ja ko baƙa. Mai ba ya cin ta kamar roba, kuma ba ta barin inji ya yi rawa sosai. Ita ce zaɓin yawancin waɗanda suka ƙara wa inji ƙarfi amma suna hawan motar a titi. Ladan taurin kuwa shi ne direba zai ji girgiza a sitiyari da kujera fiye da da, musamman in mota tana tsaye inji na aiki. Ita ma ba ta son zafi mai tsanani, don haka in bututun hayaƙi ya matso kusa da ita sai an sa garkuwar ƙarfe a tsakani.

Na uku shi ne na ƙarfe zalla, babu roba ko kaɗan. Na filin tsere ne, inda ake so duk ƙarfin inji ya tafi taya nan take, kuma tafiyar ba ta wuce rubu'in mil ba. A nan ne samari da yawa suke faɗawa rami, suna ganin tun da ƙarfe ya fi roba ƙarfi, ai shi ya fi. Girgizar da roba take shanyewa ba ɓacewa take yi ba in an cire robar, wani wuri take komawa. Sai notuna su riƙa kwancewa, walda ta riƙa tsagewa, madubi ya riƙa rawa har ba a ganin na baya, mai mota kuma ya gaji da motarsa tun bai yi mil 50 ba.

Akwai kuma wata ƙa'ida da makanikan can suka yarda da ita. Shasin tsohuwar mota yana ɗan lanƙwasa in ta hau gargada ko ta tashi da ƙarfi. In an ɗaure inji da giyabos da ƙarfe zalla a wuri ukun nan duka, to lanƙwasar sai ta bi ta jikin giyabos, wanda sau da yawa na alminiyam ne, ya tsage. Saboda haka ko an sa ƙarfe a gefen inji biyu, akan bar na giyabos ya zama roba. Ba a kuma sa na giyabos ya fi na inji tauri.

Wasu sukan bi tsaka-tsaki. Su bar roba a ko'ina, sa'an nan su ɗaura sarƙa ko ɗamarar ƙarfe daga kan inji na hagu zuwa shasi, su bar mata ɗan sako-sako. A tafiyar yau da kullum roba ce ke aiki, in an taka da ƙarfi sarƙa ta kama. Dabarar 1971 ce dai aka sake wa riga.

Awo Kafin Saye

Bayan an zaɓi iri, saura a tabbata ya zauna daidai, kuma a nan ne aikin ya fi cin rai. Mazauni rabi biyu ne, ɗaya a jikin inji, ɗaya kuma ƙafa ce ta ƙarfe a kan shasi, dogon noti guda ya ratsa su. Chevrolet ta yi iri biyu masu kama da juna: gajere mai faɗi, wanda bakinsa inci 2 da 5/8 ne, da dogo mai matsattsen baki, inci 2 da 3/8. Bambancin rubu'in inci ne kacal, ido ba ya rabewa daga nesa. In aka haɗa na wannan da ƙafar wancan, ko dai ya ƙi shiga, ko inji ya zauna sama ko ƙasa da inda ya kamata.

Shekarar mota kaɗai ba ta isa a yi oda da ita ba, domin motar da ta shekara 50 ta bi hannaye da yawa, kuma mai yiwuwa wani ya canja mata inji ko ƙafafu tun tuni. A Camaro ta 1967 zuwa 1969, ƙafafun babban inji dabam suke da na ƙarami, har an ɗan karkatar da babban zuwa dama don ya kauce wa akwatin sitiyari. A motocin Dodge da Plymouth kuwa, ƙarfen da ya gitta ƙarƙashin inji shi kansa ya bambanta bisa ga irin injin da motar ta fito da shi. Mai hankali yakan sa ma'auni a kan abin da ke jikin motarsa kafin ya fitar da ko kwabo.

Yanzu kuma da yawa suna cire tsohon inji su sa na zamani, irin jerin LS wanda General Motors ta fara sa wa Corvette a 1997. Tsohon injin Chevrolet noti uku ne ke riƙe mazauninsa a kowane gefe, na LS kuwa huɗu ne, kuma ba a wuri ɗaya suke ba. Dole sai an sa farantin haɗi a tsakani, farantin nan kuwa shi ke yanke ko inji zai matsa gaba ko baya.

Kuskuren rabin inci yana da 'ya'ya da yawa. In inji ya yi sama, matatar iska ta bugi bonet, fanka ta ci murfin lagireto. In ya yi ƙasa, kwanon mai ya zauna a kan ƙarfen shasi ko ya taɓa sandar sitiyari. In ya yi baya, distiributa, wadda ke bayan tsohon injin Chevrolet, ta daki bangon da ya raba inji da direba. Ga kuma maganar farfela: inji yakan ɗan sunkuya ta baya wajen digiri 3, kuma tilas kusurwar gaɓar farfela ta gaba ta yi daidai da ta baya. In suka saɓa, sai mota ta riƙa kaɗawa a kan gudu, a yi ta canja taya ana zargin abin da ba shi da laifi.

Wajen ɗaurawa, ba a ƙulle noti ko ɗaya sai an jera mazaunan uku duka, an sauke nauyin inji a kansu, ya zauna da kansa, kana a bi su a ɗaure. Ba a canja na hagu a bar na dama. In kuwa inji yana ɗigar mai, a toshe ɗigar tukuna, in ba haka ba sabuwar robar ma hanyar tsohuwar za ta bi.

Abin Da Ya Shafe Mu

Mai karatu zai ce ina ruwan mai tuƙa bas daga Legas zuwa Kano da motar gwanjon Amurka? Ruwansa shi ne kowace mota a kan irin robar nan injinta yake zaune, kuma ramukan hanya da lodi da zafi suna cin ta da sauri. Motocin yanzu ba su da sandar totur irin ta da, don haka wuya mazauni ya sa su gudu da kansu, amma wanda ya yanke yana iya fasa tiyon ruwa, ya tsinke waya, ya karya bututun hayaƙi, a tsakiyar daji da dare.

Alamunsa ba ɓoyayyu ba ne: ƙara kamar an buga guduma sa'ad da aka sa giya ko aka saki kuloci, sandar giya tana tsalle in an taka totur, da girgizar da ba a saba ji ba. In motar mai canja giya da kanta ce, a ja birkin hannu, a sa wa tayoyi waigi, mutum ɗaya ya danne birki ya sa giya ya ɗan taɓa totur, wani kuma ya tsaya a gefe yana duban inji. Kada a kuskura a tsaya a gaban mota. In gefe guda ya yi tsalle ya faɗo, mazauni ya tafi. In mai kuloci ce, makaniki ya sa katako a kan jak ya ɗan ɗaga inji, tsagar za ta buɗe a gan ta. Wanda zai saya a Ladipo ko wata kasuwar kayan gyara, ya tafi da tsohon a hannu a gwada su gefe da gefe, kuma ya tuna araha ba ta ado. In kuwa wata rana mota ta ƙwace da kanta, ko mene ne dalili, a mayar da giya firi, a danne birki da ƙarfi, a ratse gefen hanya, sa'an nan a kashe inji.

Mai sabunta Camaro a Amurka yakan kashe dubban daloli a kan inji, mazaunan kuwa kuɗinsu bai kai na taya ɗaya mai kyau ba, shi ya sa sau da yawa sai a ƙarshe ake tunawa da su. Wanda ya san aikin tun farko yake tambayar kansa ƙarfin injin nawa ne yanzu, a titi za a hau motar ko a filin tsere, kuma wace ƙafa ce a kan shasin. Amsar waɗannan ita ke nuna masa abin da zai saya. 'Yan'uwa masu shirin tafiya gida kuwa, kafin a ɗaura kaya a buɗa bonet a duba robar nan. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya, amin.